Littafin King Solomon's Mines ya cinye mini dare uku

A wajen mai tsofaffin littattafai a bakin titi na tsinto shi, bango a yage, takardu sun yi ja. H. Rider Haggard ne ya rubuta, aka fara buga shi a Landan a 1885. Sunan Annabi Sulaimanu ne ya ja ni, ashe ba labarinsa ba ne, taskar lu'ulu'u ce kawai aka jingina masa.

Mai ba da labarin shi ne Allan Quatermain, maharbin giwa mazaunin Durban. Sir Henry Curtis ya ɗauke shi rakiya neman ƙanin shi Curtis da ya ɓace, jagorarsu wata taswira da wani ɗan Fotugal ya zana da jininsa shekara 300 kafin nan. Tafiyarsu cikin hamada sai da ta sa na tashi na sha ruwa. Abokin tafiyarsu Kyaftin Good kuwa, mai haƙoran roba da tabarau na ido ɗaya, wanda mutanen Kukuana, ƙasar da taskar take, suka riska ba wando, gemu rabi a aske, ya ba ni dariya har maƙwabcina ya leƙo.

Amma akwai wuraren da na ajiye littafin na yi tsaki. Suna karkashe giwaye saboda haure kamar masu kaɗe mangwaro. Yaronsu Khiva ya tare giwa don ya ceci Good, ta yayyaga shi, aka binne shi aka wuce. Foulata, wata 'yar Kukuana, ta yi jinyar Good, ta kamu da sonsa, sai marubucin ya kashe ta, Quatermain ma yana ganin hakan ya fi, wai baƙa da Bature ba sa haɗuwa. Haggard ya zauna a Natal tun 1875 a ƙarƙashin gwamnatin mulkin mallaka, kuma hannunsa bai ɓoye hakan ba.

Turancin tsoho ne, ga kalmomin Zulu birjik, sai da ƙamus a gefe.

Wanda na fi so shi ne Umbopa. Ya shigo a matsayin bara, ashe Ignosi ne, mai gadon sarautar Kukuana da sarki Twala ya ƙwace. Da ya hau karaga ya gode wa Turawan, sannan ya shaida musu cewa bayansu babu farar fatar da za ta sake shigowa ƙasarsa, ko ɗan kasuwa mai bindiga da giya, ko mai wa'azi. Shafin nan sau biyu na karanta shi.