Sabar imel ta fara nishi: SSD, RAM ko CPU, wanne za ka fara saya?

Da zarar ma'aikata sun fara ƙorafin wai imel ba ya fita, abin da oga ke fara cewa shi ne a sayo sabuwar saba, wato kwamfutar da ke karɓa da aika imel, mai ƙaton CPU, ƙwaƙwalwar da ke yin lissafi. Ni dai a nan nake cewa a ɗan dakata. Yawancin wahalar sabar imel a faifan ajiya take, don duk saƙon da ya shigo sai Postfix, manhajar da ke karɓa da aika saƙo, ya rubuta shi ya tabbatar ya zauna kafin ya ce wa mai aikowa na karɓa, ga Dovecot, mai miƙa wa mutane saƙonninsu, can gefe yana ta buɗe dubban ƙananan fayil na Maildir, tsarin ajiye kowane saƙo a fayil ɗinsa, duk sanda wani ya duba imel a wayarsa.

To kafin ka fitar da ko kwabo, buɗe top, manhajar da ke nuna aikin da saba ke yi, da ƙarfe tara na safiyar Litinin lokacin da kowa ya zauna, ka kalli adadin "wa" ɗin nan na sama, wato lokacin da CPU ke zaman jiran faifai. In CPU na hutawa amma "wa" ya hau, faifai ne ya gaza. Faifai mai juyi 7200 a minti da ƙyar yake kai aiki 100 a daƙiƙa, SSD kuwa, faifan da ba ya juyi, ko na SATA mai ƙaramin gudu ne dubbai yake yi, shi ya sa nake fara sa kuɗi a nan. Amma don Allah kar ka ɗauko na laptop mai araha, nemi na saba mai ƙarasa rubutu ko an ɗauke wuta, ka san dai yadda NEPA take yi mana. Sayi biyu ka haɗa su RAID 1, wato kowanne ya riƙe kwafin ɗayan. RAID 5 kam, mai rarraba bayanai a kan faifai uku ko fiye, ka bar shi, kowane ɗan rubutu sai ya koma aiki huɗu.

Sai RAM, ma'ajiyar wucin gadi da saba ke aiki a cikinta. Duba manhajar vmstat, in ginshiƙan "si" da "so" na motsi kullum to saba ta koma swap, wato RAM ya cika tana aron faifai. ClamAV, mai binciken virus a saƙonni, shi kaɗai yana cin sama da 1GB, kuma lokacin da yake sabunta bayanansa yakan kusan ninkawa, ka ga 4GB ba za ta kai ka ko'ina ba. Ofis mai mutum ɗari biyu zuwa uku, ni 16GB nake sa masa.

CPU ne na ƙarshe, sai in SpamAssassin, mai tace saƙonnin shara, ne ya cinye shi, ko nan ma gwada takwaransa Rspamd tukuna, kyauta ne kuma ya fi sauƙin nauyi.

Kuma fa ka leƙa mailq, mai nuna layin saƙonnin da ke jiran fita, kafin duk wannan. In ka tarar da dubban saƙonni a maƙale duk daga akawun ɗaya zuwa adireshin da ba wanda ya sani, an saci fasword ɗin wani ne ana tura shara da shi, rufe akawun ɗin ka share saƙonnin sharar daga layin sannan ka sake aunawa.