Ɗaukar bindiga a Amurka: jiha ko birni?

A Florida, tun 1987 jiha kaɗai ke da hurumin tsara dokar bindiga. A 2011 aka ƙara tarar da ke kaiwa dala 5,000 ga jami'in birnin da ya yi gaban kansa. Doka ɗaya ce daga Miami har Tallahassee, mai bindiga ba ya ruɗewa.

Colorado kuwa ta sakar wa birane mara a 2021, bayan an harbe mutum 10 a wani kanti a Boulder. Na fi karkata nan, don cunkoson Denver, babban birnin jihar, daban, ƙauyen makiyaya daban. Sai dai kowane gari na iya tsaurara dokarsa, matafiyi ya karya ta bai sani ba.