Sharhi kan hidimar hospis ta gida: inda take burgewa da inda take gazawa

Hidimar hospis ta gida ita ce wadda nas da likita da sauran ma'aikata ke zuwa su kula da majinyacin da cutarsa ta gagari magani, a kan gadonsa, har Allah ya yi ikonsa. Nauyin da ta ɗauka shi ne kada ciwo ya azabtar da shi, kada numfashi ya sarƙe shi babu mai taimako, kuma kada masu jinya su rasa abin yi. Hukuncinmu a kanta shi ne hidima ce mai kyau ƙwarai idan an yi ta yadda ya kamata, har ta kan fi kwanciyar asibiti sauƙi ga mai ciwon daji da ya yi nisa, ko mai ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta a matakin ƙarshe. Sai dai tazarar da ke tsakanin cibiya tagari da ta jeka-na-yi-ka tana da faɗi, kuma ba a ganinta a takardar talla. Kowace cibiya tana rubuta tausayi da mutunci a takardarta. Da tsakar dare ake gane wadda ta shirya.

Aikin a tsarinsa na zamani ya faro ne da Cicely Saunders, likita 'yar Birtaniya wadda ta buɗe cibiyar hospis ta St Christopher's a Landan a 1967. Ita ta dage cewa a riƙa ba da maganin ciwo a kan lokaci tun kafin ciwon ya dawo, kuma a ɗauki fargaba da damuwar iyali a matsayin wani sashe na ciwon. Da wannan ma'auni har yau ake auna kowace cibiya. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara, kuma kusan kashi 14 cikin ɗari ne kawai ke samu. Wannan ƙarancin ne ke sa iyalai su karɓi duk abin da aka ba su da godiya, ko da bai kai ba.

Ziyarar farko tana nuna abubuwa da yawa. Nas mai sanin aikinta takan zauna, ta tambayi majinyacin da kansa muddin yana iya magana: ina ne ke ciwo, wane iri ne, zugi ko suka ko ƙuna, daga 0 zuwa 10 nawa zai ba shi, me ke tayar da shi. Takan tambayi rabonsa da bayan gida, ta leƙa bakinsa da tocila, ta juya shi ta duba tsatso da kwatangwalo da dunduniya. Takan ce a kawo mata duk magungunan da ke gidan, ta ware waɗanda ba su da sauran amfani a wannan mataki, don a rage wa majinyaci wahalar haɗiyar ƙwayoyi goma. Idan aka gama ziyarar farko ba a ɗaga bargo an ga bayan majinyaci ba, an gwada jini kawai an cike takarda, wannan cibiya ta faɗi jarrabawar farko.

Maganin ciwo ne ginshiƙin aikin, kuma a nan ya kamata mai auna cibiya ya daɗe. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku: a fara da irin su farasitamol, a hau zuwa kodin ko tiramadol, sannan mofin, wato maganin ciwo mai ƙarfi, idan ciwon ya yi tsanani. Ta baki ake so a ba da shi, kuma bisa agogo. Mofin na ruwa mai saurin aiki yana ɗaukar kimanin awa 4 a jiki, saboda haka duk awa 4 ake ba da shi, ba a jira sai majinyaci ya fara nishi. Likita kan fara da miligiram 2.5 zuwa 5 ga wanda bai taɓa sha ba. A ce an sa wa mutum miligiram 5 duk awa 4, jimillar yini ta zama 30. Cibiya tagari za ta rubuta ƙarin awo na ko-ta-kwana don ciwon da ke tasowa a tsakani, yawanci kashi ɗaya cikin shida na jimillar, wato miligiram 5 a wannan misali. Idan a yini ɗaya an nemi ƙarin har sau uku, nas za ta sanar da likita a sake lissafi, jimillar ta koma 45, wato 7.5 duk awa 4. Wannan lissafi aikin likita ne, amma ba zai yiwu ba sai da takardar da masu jinya ke cikewa a gefen gado: lokaci, awo, da makin ciwo kafin da bayan sha. A nemi ganin wannan takarda. Cibiyar da ba ta bar irinta a gida ba, to da ka take ƙara magani.

Kuskuren da ya fi ba mu tsoro a gidaje shi ne rikita miligiram da mililita. Akwai mofin na ruwa mai miligiram 10 a cikin mililita 5, akwai kuma mai ƙarfi wanda ke da miligiram 20 a mililita ɗaya kacal, ninki goma ke nan. Mai miligiram 5 daga kwalbar farko mililita 2.5 zai sha. Idan aka canza kwalba zuwa mai ƙarfi ba a yi bayani ba, mai jinya ya zuƙo irin awon da ya saba, an ba majinyaci miligiram 50. Nas tagari takan ɗauki sirinjin baki ta zuƙo a gaban mai jinya, ta miƙa masa ya maimaita ta gani, ta rubuta awon da mililita a jikin kwalbar da manyan baƙaƙe. Takan kuma faɗi alamun da ke nuna magani ya yi yawa: barci mai nauyi da ba a iya tashin mutum, fizgar gaɓoɓi, ganin abin da babu, numfashi ya sauka ƙasa da 8 a minti. Ga mai ciwon ƙoda hatsarin ya fi yawa, domin mofin na taruwa a jikinsa, kuma cibiyar da ba ta tambayi lafiyar ƙoda kafin ta rubuta shi ba, to ta yi sakaci.

Abin da aka fi mantawa da shi kuwa shi ne bayan gida. Kusan duk mai shan mofin cikinsa zai ɗaure, kuma jiki ba ya sabawa da wannan kamar yadda yake sabawa da tashin zuciya da gyangyaɗin kwanakin farko. Dole a haɗa da maganin sassauta ciki irin su senna tun ranar farko. Majinyacin da ya yi kwana huɗu ko biyar bai zaga ba, zai yi ta juyi, ya ƙi abinci, ya yi amai, har ya rikice, sai a zaci cutar ce ta ci gaba a ƙara masa mofin, abin ya ƙara dagulewa. Haka ma riƙewar fitsari: mara ta cika ta yi tauri, majinyacin da ba ya iya magana ya yi ta fizge-fizge, alhali robar fitsari kawai yake buƙata. Nas ɗin da ke tambayar bayan gida da fitsari a kowace ziyara, ba tare da jin nauyi ba, ta san aikinta.

Sai maganar dare, wadda a ganinmu ita ce ke raba cibiyoyi gida biyu. Kowacce za ta ce tana da layin waya na awa 24. A kira layin tun kafin a sa hannu a takarda, da dare, a ji wa zai ɗauka. Nas ce mai iya buɗe bayanan majinyaci, ko mai karɓar saƙo ne da zai ce a jira safiya? A tambaye su kai tsaye: idan ciwo ya ƙi kwanciya da ƙarfe biyu na dare, wa zai zo, kuma cikin awa nawa? Nas ɗaya majinyata nawa take riƙe da su? Amsar da ta yi ta kewaye-kewaye ita ma amsa ce.

Ko nas ta zo, ba ta da abin yi idan babu magani a gidan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cibiya tagari takan ajiye magungunan ko-ta-kwana a gida tun majinyaci yana iya haɗiya, tare da takardar izinin likita: mofin na allura don ciwo da sarƙewar numfashi, midazolam don firgita da fizge-fizge, haloperidol don amai da ruɗewa, da hyoscine don majinar da ke taruwa a maƙogwaro. Dalili shi ne a kwanakin ƙarshe yawancin majinyata kan daina haɗiya, sau da yawa ba zato. Idan ba a shirya ba, mutumin da ya yi makonni yana shan mofin sai a wayi gari an yanke masa shi, ciwon ya dawo gaba ɗaya, iyali su ɗauke shi a guje zuwa asibiti, inda tun farko ya ce ba ya so ya cika. Inda aka shirya, sai a mayar da maganin ta ƙarƙashin fata, galibi rabin awon baki, wato miligiram 30 na baki ya koma 15, a sa a ƙaramar na'urar da ke tura sirinji a hankali tsawon awa 24. Wasu cibiyoyi kan yi saurin manna fentanil, wani maganin ciwo mai ƙarfi, a fata a madadin haka. Mannin yana da amfani ga ciwon da ya daidaita, ana canza shi duk awa 72, amma yana ɗaukar awa 12 ko fiye kafin ya fara aiki sosai, don haka bai dace da ciwon da ke hauhawa a daren ba.

Kula da jiki aikin masu jinya ne a mafi yawan awoyi, domin ma'aikatan hospis zuwa suke su tafi. Iyalai da dama kan shiga da zaton za a ba su nas ta kwana da su, kuma laifin cibiya ne idan ba ta warware wannan tun farko ba. Abin da ake bin ta bashi shi ne koyarwa da kayan aiki. A nuna wa masu jinya yadda mutum biyu ke juya majinyaci da zanin gado ba tare da jan fatarsa ba, duk awa 2 zuwa 4, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a sa wani a ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi daga katifa. Jan tabon da bai yi fari ba idan an danna shi da yatsa shi ne farkon gyambon kwanciya, kuma ba a murza shi. A nuna musu goge baki da auduga mai laima da shafa mai a leɓe, domin bushewar baki ta fi ƙishirwa damun wanda ya daina sha. Ga mai sarƙewar numfashi, a tayar da shi zaune a kunna ƙaramar fanka tana busa masa fuska, abu ne mai sauƙi kuma yana aiki.

Wurin da muka fi yaba wa cibiyoyi nagari shi ne faɗin gaskiya a kan lokaci. Suna gaya wa iyali cewa ƙin abinci a ƙarshe daga cutar yake, ɗura na iya sa abinci ya bi ta hanyar numfashi, kuma ƙarin ruwa a wannan mataki kan jawo kumburi da yawan majina. Suna bayyana tun da wuri cewa numfashi zai riƙa tsayawa yana dawowa, hannu da ƙafa za su yi sanyi, kuma ƙarar gargara ta fi damun masu sauraro fiye da majinyacin, a juya shi gefe kawai a ba shi magani idan ta yi yawa. Suna kuma kawar da tsoron cewa mofin ne ke gaggauta ajali, domin idan an bi awo daidai ba ya yin haka. Mai jinyar da aka yi wa wannan bayani ba ya riƙe magani don fargaba. Wanda ba a yi wa ba yakan rage awo a ɓoye, majinyaci ya sha wahala, shi kuma ya zauna da zargin kansa.

Sauran hidimomin ba su kai waɗannan ƙarfi ba a wurare da yawa. Hutun mai jinya, wato a karɓi majinyaci na ɗan lokaci don mai kula da shi ya samu barci, a Amurka tsarin inshorar lafiya na gwamnati, Medicare, ya tanadi har kwana 5 a jere, amma a wasu wuraren sai an tambaya ake jin ko akwai. Tallafin addini ya kamata ya bi aƙidar majinyaci da zaɓinsa. Bibiyar iyali bayan rasuwa sau da yawa ba ta wuce kiran waya ɗaya ba, alhali wanda ya yi watanni yana jinya ya fi buƙatar a leƙa shi bayan jama'a sun watse.

Hidimar ba ta dace da kowane gida ba. Idan babu baligi mai ƙarfi da zai kasance tare da majinyaci dare da rana, ko ana fargabar zubar jini mai yawa, ko ciwon ya gagara duk da canjin magani, gadon cibiya ko na asibiti ya fi. Don haka a tambayi cibiyar ko tana da gadaje nata ko yarjejeniya da wani asibiti, da yadda ake fita daga hidimar idan majinyaci ya canza shawara yana son komawa neman magani. A kuma tambayi wa zai zo ya ƙirga ragowar mofin ya tafi da shi bayan rasuwa, domin bai kamata a bar shi a gidan da yara ke kai-kawo ba.