Daren da na kira 999 a Ingila, ashe ba zuciyar ba ce

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Da yawanku kun san bara na samu bugun zuciya a nan Ingila, aka buɗe mini jijiyar da ta toshe, aka sa ɗan bututun raga na ƙarfe da suke kira siten don kada ta sake rufewa. Na gode da addu'o'inku, Allah ya saka da alheri. Abin da na ɓoye muku shi ne, tun da aka sallame ni ciwon ƙirjin bai bar ni ba. Sai ya yi sati biyu shiru, sai ya dawo, yau kamar an ɗora mini dutse, gobe kamar tsinin allura. Kowa ya tambaya sai in ce da sauƙi, alhali dare ya yi ina kwance ido biyu, ina sauraron ƙirjina.

Wani dare wajen ƙarfe biyu ya tashe ni, zafi a tsakiyar ƙirji yana hawa maƙogwaro. Na yi yadda aka koya mini ranar sallama. Akwai maganin feshi da ake fesawa a ƙarƙashin harshe, GTN, mai buɗe jijiyoyin jini. Zama ake yi kafin a fesa, don yana sa jiri da ciwon kai. Na fesa, na jira minti 5. Na sake fesawa, na jira wasu 5. Ƙa'idar ita ce idan har lokacin bai lafa ba, a kira 999, lambar neman agajin gaggawa a nan. Bai lafa ba, amma sai na riƙe wayar na kasa dannawa. Kunya ce ta kama ni, ina tunanin in tayar da mutane cikin dare, a je a ce ba komai. Maiɗakina ce ta karɓe wayar ta kira.

Ma'aikata biyu suka zo da motar asibiti. A nan falo suka manna mini wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugun zuciyata a takarda, suka ce ba su ga abin tsoro ba amma sai an duba jini. A asibiti aka ɗebi jinin don neman wani sinadari, tiroponin, wanda ke tsiyayowa cikin jini idan naman zuciya ya ji rauni. Bayan awa uku aka sake ɗiba, don yakan ɗauki lokaci kafin ya hau. Duka biyun lafiya lau. Likita ya ce ya fi zargin ƙwannafi, domin asfirin da nake sha kullum yana cin ciki, ya ƙara mini maganin da ke rage ruwan tsamin ciki.

Da gari ya waye na ce wa ma'aikaciyar jinya ta yi haƙuri, na ɓata musu lokaci. Wallahi ban manta abin da matar nan ta yi ba. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni, ta ce ita kanta ba za ta iya bambance ƙwannafi da bugun zuciya da ido ba, shi ya sa aka yi gwajin. Ta ce mutumin da ya taɓa samun bugun zuciya, idan feshi biyu bai kwantar masa da ciwo ba, gara ya zo sau goma a mayar da shi gida da ya zauna sau ɗaya. Babu harara, babu tsaki, ba wanda ya tambaye ni kuɗi kafin ya taɓa ni. Na fita ina share hawaye. Wata takwas ina ɗauke da wannan tsoro ni kaɗai, sai ranar wani ya ce mini tsoron nawa yana kan hanya.

A nan ne nake jin haushinmu. Mu namiji ya ce ƙirjinsa na ciwo, sai a ce gajiya ce, ko olsa, shi ma ya yarda don kada a ce ya cika raki. Ya haɗiyi diklofenak ko ibufurofen ya kwanta, alhali magunguna ne da aka hana mai ciwon zuciya, suna ƙara haɗarin wani bugun da zubar jini a ciki. Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai jin sauƙi ya ajiye magani. Wanda aka sa wa siten yakan sha asfirin tare da wani maganin hana daskarewar jini har shekara guda, in ya yanke da kansa jini na iya daskarewa a cikin bututun ya toshe shi farat ɗaya.

Bayan daren nan na koma ajin farfaɗo da masu ciwon zuciya da na yi watsi da shi, kyauta ne a ƙarƙashin NHS, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati a nan. Ana motsa jiki ana auna bugun mutum, sannan a zauna a yi bayani. A can na koyi sanin ciwona. Wanda ke zuwa in na hau bene ko na fita cikin sanyi, ya lafa in na huta, anjaina ce, zuciya ba ta samun isasshen jini. Wanda ke ƙaruwa in na danna wurin da yatsa, galibi nama ne ko haƙarƙari. Fargaba ma tana matse ƙirji da gaske. Amma ciwon da ya zo mutum yana zaune, da zufa, da haki, ko yana sauka hannu ko muƙamuƙi, wannan ba a tsaya yi masa fassara.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Ganin likitan unguwa sai ka riƙe waya tun ƙarfe 8 na safe, ka kai gaba a ce gurbin yau ya cika. Na yi watanni ina jiran ranar ganin likitan zuciya. Kowane magani fam 9.90 ne, ni kuwa kala shida nake sha. Mai shan maganin ciwon sukari an yafe masa, mai ciwon zuciya bai shiga jerin ba sai ya kai shekara 60, dole na sayi takardar da ake biyan kuɗin magungunan shekara guda a dunƙule. Ga kaɗaici. Na dawo daga asibiti gidan tsit, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Da a cikinku nake, da ban rasa wanda zai zauna a gefen gadona ba, kuma na san da rabin fargabar nan ta tafi.

Yaya, da kai nake musamman. Sau biyu kana gaya mini a waya ƙirjinka na riƙewa in ka yi tafiya da sauri, ka tsaya ya sake ka. Haka nawa ya fara, wata huɗu kafin in faɗi. Don Allah cikin satin nan ka je a auna maka zuciya da hawan jini, ka turo mini takardar, zan kira ka ranar Juma'a.