Ɗakin Gwajin Jifa na Jami'ar Wake Forest da Masu Horarwar da Ke Riƙe da Shi

Duk mai bibiyar wasan besbol na jami'o'in Amurka ya san cewa har zuwa 'yan shekarun nan ba a cika lissafa Wake Forest cikin manya ba. Jami'a ce mai zaman kanta a birnin Winston-Salem na jihar Karolina ta Arewa, ɗalibanta ba su da yawa, kuma kofin ƙasa ɗaya tilo da ta taɓa ɗauka a wannan wasa tun 1955 ne. Yau kuwa iyayen da Allah ya ba 'ya'yansu baiwar jifa, wato wurga ƙwallo ga mai bugu, suna ambaton sunanta tare da manya irin su jami'ar jihar Louisiana (LSU) da ta Vanderbilt, kuma yawancinsu ɗakin gwajin jifa suke fara kawowa a matsayin dalili. A ganina ɗakin ya cancanci yabon da ake yi masa, amma wanda zai miƙa hannun ɗansa ga wannan wuri ya kamata ya fi duba mutanen da ke karanta sakamakon na'urorin fiye da na'urorin kansu.

Ɗakin yana cikin ginin horar da 'yan wasa da ke jikin filin David F. Couch, kuma an kafa shi ne da haɗin gwiwar ƙungiyar wasan da sashen likitocin ƙashi na asibitin jami'ar. Wannan haɗin shi ne ya bambanta shi da wuraren atisaye na kasuwa da suka cika Amurka. Dakta Kristen Nicholson, masaniyar kimiyyar motsin jiki, ita ce sunanta ya fi fitowa a aikin ɗakin. Mai jifa zai tuɓe riga, a manna masa ƙananan ƙwallaye masu ƙyalli a kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu da ƙugu da idon sawu, sannan ya hau tudun jifa wanda aka binne faranta masu auna nauyi a ƙarƙashinsa. Kyamarori masu saurin ɗauka suna kewaye da shi, wata na'urar kuma tana bin ƙwallon a tazarar mita 18.44 da ke tsakaninsa da mai bugu, tana auna gudunta da yawan juyinta. Bayan 'yan jifa kaɗan sai ƙwarangwal ɗinsa ya fito a allon kwamfuta yana maimaita abin da ya yi, daki-daki.

Amfanin wannan ya fi fitowa a kan gwiwar hannu. Ƙarfin jifa daga ƙafar baya yake tasowa, ya bi ta ƙugu, ya ratsa gangar jiki, kafin ya iso hannu. Idan ƙugu ya makara wajen juyawa, ko ƙafar gaba ta kasa tokare ƙasa da kyau, hannu ne ke biyan bashin. Akwai wata 'yar jijiya a cikin gwiwar hannu da ke ɗaukar wannan wahala, kuma idan ta tsinke sai an yi tiyatar da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa wani mai jifa, Tommy John, a 1974, wadda kan zaunar da mutum shekara guda ko fiye. Idon koci, komai ƙwarewarsa, ba ya iya kama abin da ke faruwa cikin ƙiftawar ido, amma na'urar tana nuna daidai inda nauyin ya taru. Sun kuma sanya wasu kyamarorin a filin wasan kansa, waɗanda ba sa buƙatar a manna wa mutum komai, domin yadda yaro ke jifa a ɗaki cikin natsuwa daban yake da yadda yake yi a zagaye na bakwai cikin zagaye tara na wasa, ya gaji, ga 'yan kallo suna ihu. Wannan tunani ya burge ni ƙwarai. Abin yabo ne kuma cewa ba a kulle ɗakin ga ɗaliban jami'ar kaɗai ba, masu jifa daga waje suna iya biyan kuɗi a auna su.

Babban kocin ƙungiyar, Tom Walter, ya karɓi aikin a 2009, bayan ya horar a jami'ar George Washington da ta New Orleans, inda ya riƙe 'yan wasansa a lokacin da guguwar Katrina ta 2005 ta raba su da makarantarsu. Labarinsa da ya fi shahara ba na cikin fili ba ne. A watan Fabrairun 2011 ya ba da ƙodarsa guda ga Kevin Jordan, sabon ɗalibi a ƙungiyar wanda ciwon ƙoda ya kwantar tun kafin ya buga wa jami'ar wasa ko ɗaya, kuma yaron ya warke har ya koma fili. Ban kawo wannan don ado ba. Uban da zai tura ɗansa garin da ba shi da kowa yana son sanin irin mutumin da zai riƙe masa amana, kuma ba kowane koci ne yake da irin wannan shaida ba.

Sai dai ɗakin ya yi shekaru yana aiki ba tare da ƙungiyar ta taka wata rawar a zo a gani ba. A 2021 ma wasannin da ta sha kaye sun fi waɗanda ta ci. Canjin ya zo ne bayan an ɗauko Corey Muscara daga jami'ar Maryland a matsayin kocin masu jifa a wannan shekarar. Ƙwarewarsa ita ce mayar da tarin lambobi zuwa umarni ɗaya ko biyu da yaro ɗan shekara 19 zai iya riƙewa. Rhett Lowder shi ne babbar hujja. Ɗan ƙaramin garin Albemarle ne, manyan jami'o'i ba su yi rububinsa ba, amma ya zama gwarzon mai jifa na ACC, gasar rukunin jami'o'in da Wake Forest ke ciki, a 2022 da 2023, kuma a shekarar ta biyu ya ci wasa 15 ba a doke shi ko sau ɗaya ba. A 2023 ƙungiyar ta ci wasa 54, ta sha kaye a 12, ta isa gasar ƙarshe ta neman kofin ƙasa a birnin Omaha a karon farko tun 1955. A can ne Lowder ya kara da Paul Skenes na LSU a wasan da aka kai zagaye na 11 babu wanda ya ci ko ɗaya, sai da Tommy White na LSU ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, LSU ta ci 2 da 0. Ƙungiyar ƙwararru ta Cincinnati Reds ta zaɓi Lowder na bakwai a zaɓen matasan 'yan wasa da manyan ƙungiyoyi suka yi a shekarar. Chase Burns kuwa ya baro jami'ar Tennessee ya zo, ya fitar da masu bugu 191 a zagaye 100 a 2024, Reds ɗin dai ta ɗauke shi na biyu.

Ba a bar masu bugu a baya ba, ko da yake ba su ne ake tallata wurin da su ba. Brock Wilken da Nick Kurtz duk a nan suka gogu, kuma Kurtz ya zama gwarzon sabon ɗan wasa na rukunin Amurka, ɗaya daga rukunoni biyu na babbar gasar ƙwararru, a 2025.

Akwai abubuwan da ban gamsu da su ba. Filin ƙarami ne, katangarsa ta kusa, shimfiɗarsa ciyawar roba ce, kuma kujerunsa ba su kai 4,000 ba, alhali filin LSU yana ɗaukar sama da 10,000. A wasan da Wake Forest ta doke jami'ar Alabama da ci 22 da 5 a 2023, sau tara 'yan wasanta suka buga ƙwallo ta tsallake katanga. 'Yan kallo sun ji daɗi, amma mai jifa a irin wannan fili kuskure kaɗan ke jawo masa asara, mai bugu kuma lambobinsa na iya kumbura fiye da ainihin ƙarfinsa. Na'urorin ma ba rigakafi ba ne: Teddy McGraw, wanda ake sa ran zai kasance cikin jagororin masu jifa a 2023, bai buga kakar ba saboda ciwon gwiwar hannu. A 2024 kuma ƙungiyar ta fara kaka a matsayin ta ɗaya a ƙasar, amma aka fitar da ita a matakin farko na gasar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ba tare da ta ci wasa ko ɗaya ba, duk da cewa 'yan wasanta uku sun shiga cikin goman farko na zaɓen shekarar.

Batun kuɗi ya fi duk waɗannan nauyi. Karatu da masauki da abinci a Wake Forest sun haura dala 80,000 a shekara, kuma har zuwa 2025 dokar NCAA ba ta yarda ƙungiyar besbol ta ba da tallafin karatu fiye da na mutum 11.7 ba, wanda ake gutsuttsura wa 'yan wasa kusan talatin. An ɗage wannan iyaka yanzu, an maye gurbinta da ƙayyade 'yan wasa 34, amma ɗage doka ba ya nufin kowace jami'a za ta biya wa kowa. Iyali su nemi a rubuta musu adadin da za a ba su a takarda kafin su amsa.

Ga mai jifa da ke da burin kai wa ga manyan ƙungiyoyi, ina ba da shawarar wannan wuri ba tare da ɗar-ɗar ba, kuma ko wanda ba zai yi karatu a can ba, gwajin kwana ɗaya zai nuna masa inda hannunsa ke shan wahala. Amma Muscara ya bar jami'ar a 2025 ya zama babban kocin jami'ar Duke, saboda haka duk wanda zai je yanzu ya nemi ganawa da wanda ke horar da masu jifa a halin da ake ciki, ya tambaye shi sau nawa ake auna kowane yaro a kaka guda, wane ne ke zama da shi ya fassara masa sakamakon, kuma maganar wa ake bi idan likita ya ce a huta alhali koci yana son a buga.