Suspiria na Dario Argento a faifan 4K na Synapse Films: launi da sauti sun dawo daidai

Duk wanda ya san Suspiria, fim ɗin ban tsoro na daraktan Italiya Dario Argento, ta tsohon kaset ko ta kwafin da ke yawo a intanet, labarin kawai ya samu, kuma labarin shi ne mafi ƙarancin abin da ke cikin fim ɗin. Wata yarinya Ba'amurkiya, Jessica Harper ce ta fito a matsayinta, ta isa makarantar koyon rawa a Freiburg ta ƙasar Jamus cikin ruwan sama, daga baya ta gano matsafa ne ke riƙe da makarantar. Shi ke nan. Ƙarfin fim ɗin yana cikin launi da kiɗa, kuma su ne wannan faifai ya ceto.

An haifi Argento a Rum a 1940. Ya fara da sharhin finafinai a jaridar Paese Sera, sannan ya haɗu da Bernardo Bertolucci da Sergio Leone suka tsara labarin Once Upon a Time in the West na 1968. Fim ɗinsa na farko a matsayin darakta ya fito a 1970, a salon da Italiyawa ke kira giallo, wato ruwan ɗorawa, saboda launin bangon littattafan binciken kisa da kamfanin Mondadori ke bugawa. Bayan fim ɗinsa Profondo Rosso na 1975 sai ya bar mai kisa da baƙar safar hannu ya koma ga tsafi, a 1977 ya fitar da Suspiria wanda suka rubuta tare da Daria Nicolodi.

Synapse, kamfanin da ya fitar da faifan, sun ɗauko hoton ne daga ainihin fim mai milimita 35 da aka ɗauka da kyamara, kuma Luciano Tovoli, wanda ya ɗauki fim ɗin, shi ya sa ido kan gyaran launin. Wannan ya sa na yarda da aikin. Tovoli ya riƙa haska fitilu masu ƙarfi ta cikin yadudduka masu launi har launin ya zauna a fuskar 'yan wasa, sannan aka buga kwafin sinima da tsohuwar dabarar Technicolor ta rini uku a Rum, dab da a daina amfani da ita. A wannan faifai ja ya fito jajawur ba tare da ya malala ya cinye zanen bango ba. A dubi dogon zauren da ɗalibai ke wucewa: ana ganin laushin yadin da ke jikin bango, ana kuma lura da cewa mariƙin ƙofa yana sama, kusan daidai kan yarinyar. Da gangan aka yi, domin Argento da farko ƙananan yara ya so su fito, da aka hana shi sai ya sa manya su zama kamar yara a idon mai kallo.

Inda ake samun matsala shi ne saitin talabijin. Yawancinsu suna zuwa daga shago da launi a ƙure, kuma a wannan fim sai jan ya zama dunƙule ɗaya, fuskoki su ɓace. A mayar da shi saitin sinima. A kashe abin da ke santsar da motsi, in ba haka ba fim ɗin zai koma kamar wasan kwaikwayon talabijin. A kashe mai goge hoto, domin yana ɗaukar tsakuwar da ke jikin fim, wato ƙananan ɗigo-ɗigon da ke cikin hoton asali, a matsayin datti, ya share ta tare da gashin gira da saƙar tufafi. Baƙin layi sama da ƙasa kuwa haka faɗin hoton yake, kada a ja shi ya cika allo. Faifan 4K ba ya da kullen yanki, wato ba a taƙaita shi ga na'urorin wani yankin duniya ba, amma na'urar Blu-ray ta da ba za ta karanta shi ba.

Sautin Turanci mai tasha huɗu na 1977 yana ciki, kuma shi na fi so a kan sabon haɗin Dolby Atmos, tsarin sauti na zamani mai kewaye mai kallo. Kiɗan ƙungiyar Goblin, ƙararrawa da ganga da raɗar murya, yana tasowa daga baya ya rufe mutum. Sai dai a lasifikar talabijin kaɗai kiɗan yana danne magana, dole a kunna rubutun ƙasa.

Abin da gyara bai iya magancewa ba shi ne leɓe da murya ba sa haɗuwa a wurare da dama. Al'adar masu fim a Italiya ce a lokacin: kowa ya yi magana da harshensa a wurin ɗauka, a ɗora muryoyi daga baya. Bayanin da wani masani ke yi kan matsafa a rabi na biyu na fim ma ya yi tsawo, yana kashe zafin kallon. Tsawonsa kusan minti 98 ne ba a yanke komai ba, kuma kisan da ke cikin minti goma sha biyar na farko ya isa dalilin kada a kunna shi yara na falo.