Baƙin mai ko man keken ɗinki: wanne sarƙar keke ta fi so?

Baƙin mai ba ya cin ko sisi, duk bakanike zai tsiyaya maka a gwangwani. Yana da kauri, ruwan damina ba ya saurin wanke shi, shi ya sa masu gyaran keke da yawa ba sa rabuwa da shi. Amma mai ne da ya gama aiki a inji, cike yake da toka da ɗan garin ƙarfe. Ga shi da danƙo. Da hunturu ya shigo sai ƙura ta manne, ta zama baƙin kwaɓi mai cin ƙusoshin cikin sarƙa kamar dutsen wasa wuƙa. Sarƙa ta saki, ta soma tsallake haƙora, ƙafar wando kuma ta sha baƙi.

Man keken ɗinki ruwa-ruwa ne, yana ratsawa har cikin gaɓoɓi, inda ake buƙatarsa, kuma ba ya tara ƙasa sosai. Aibinsa ɗaya: ba ya jimawa. Ruwan sama ɗaya ya isa ya tafi da shi, sai ka sake ɗigawa, in ba haka ba tsatsa ta kama.

Ni dai na fi son na ɗinkin, musamman da rani. Ka fara wanke sarƙar da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka bari ta bushe, ka ɗiga ɗigo ɗaya a kowace gaɓa kana juya feda baya, sannan ka goge na waje da tsumma.